Mai Jan Ƙafa a Layin Tsuntsaye

Da safiyar Juma'a na buɗe kwaɗon filin ajiyar da ke bayan ofishinmu, sai na tarar da rairayi kawai.

Jiya-jiya na ƙwato su daga shagon wani Parwez a Layin Tsuntsaye na garin Kot Miral: kunkuru sama da ɗari, irin masu zanen taurari a baya, waɗanda ake kwasowa daga hamadar Tar cikin buhu. Sabuwar doka ta ce babu mai sayar da kunkuru ko damo ko maciji a shago sai da lasisi, kuma sai dabbar da aka kiwata a gida, ba wadda aka kamo a daji ba. Ni aka ɗora wa duba shagunan. Ni kaɗai ce mace a ofishin kula da namun daji, ni kaɗai kuma ke riƙe da makullin filin. Kwaɗon kuwa lafiyarsa ƙalau.

Kafin hantsi rabin kasuwa ya taru a ƙofar ofis. A gaba akwai Set Karim Dino, shugaban ƙungiyar 'yan kasuwar, siririn dattijo mai hula mai madubai, wanda shagonsa na aku da tantabara ya fi na kowa girma a layin.

"Adi Sabagi," ya ce, wato 'yar'uwa Sabagi, yana murmushi, "fiffike suka yi? Ni mai tsuntsu ne, tunda uwata ta haife ni ban taɓa riƙe kunkuru ba, ban san halinsa ba. Amma ban ji an ce yana buɗe kwaɗo ya fita ya mayar ya rufe ba."

Aka kwashe da dariya. Wani daga baya ya ce, "Madam Kunkuru ta yi ciniki!"

Shugabana, Sa'in Jamali, ya fito yana share zufa da gefen mayafinsa. Mutum ne mai tsoron hayaniya fiye da tsoron Allah. Ya miƙo hannu.

"Kawo makullin. Ko kin sayar da su, ko kin ba da makulli an sayar, ɗaya cikin biyu. Na dakatar da ke. Ranar Litinin zan miƙa ki ga 'yan sanda."

A gaban kowa ya faɗa, da ƙarfi, don kasuwa ta ji. Na ba shi makullin. Ban yi kuka ba, ko da yake sun tsaya suna jira.

"Na ji, Sa'in. Abu ɗaya nake roƙo: kada kowa ya taka cikin filin nan."

*

Sunana Sabagi Rahimun. Kakana mai bin sawu ne, irin waɗanda in aka sace raƙumi a Tar ake zuwa ɗauka da girmamawa. Jikokinsa maza duk sun fi son tuƙin babbar mota, ni ce nake binsa a baya ina riƙe masa tulu. Mutanen ƙauyenmu suka ce idon mace yana ɓata sawu. Ya koya mini duk da haka. Da na tafi makarantar kwana suka ce na lalace, da na shiga jami'a suka ce babu mai aurena. Na dawo da digiri da kaki, sai Layin Tsuntsaye ya karɓi aikin tsangwamata daga hannunsu. An tofa mini jan yawun pan, ganyen da suke taunawa kamar goro, a takalmi. Mai shayi ya ce kofunansa sun ƙare, alhali ina kallonsu a jere. An saka mini matacciyar tsaka a jaka. Kullum da safe ina goge takalmina in koma layin, in shiga shago bayan shago ina tambayar lasisi. Ban zo garin nan don a so ni ba.

Baba Sumar maigadi yana tsugune a bakin katanga, ya haɗa kai da gwiwa. Duk daren Juma'a yakan tafi hubbaren waliyyi ya kwana can, kuma babu wanda bai san haka ba a Kot Miral.

"Baba, tashi ka aro mini kasko uku wajen mai tukwane."

Na cire takalmi na bi gefen bango. Saman filin ragar waya ce, kuma a kusurwar baya an ɗaga ta an mayar an ɗaure. A bayan katanga ga ramuka biyu inda aka kafa tsani. Daga gindin tsanin zuwa kwalta akwai sawun mutum ɗaya, mara nauyi, da takalmin taya, ya je ya dawo sau da yawa, yana nutsewa in zai tafi saboda kaya. A bakin kwalta ga wari ɗaya na takalmin a yashe.

Cikin filin ne ya ɗaure mini kai. Babu dunduniya, babu yatsa. Dogayen layuka biyu ne suke kewaya filin, kamar an ja itace biyu a rairayi. Na hagu ya karkace waje, gefensa na ciki ya fi nutsewa. Da farko na ce ɓarawon yana share sawunsa ne. To amma mai share sawu a ciki, me zai sa ya bar shi fes a waje? Na kife kasko a kan layin hagu inda ya fi fitowa, yadda ake yi a wajenmu don iska ko akuya kada su ɓata shi.

A ƙarƙashin kwamin ruwa na ga rairayi yana motsi. Na tona da yatsa, sai ga 'yan ƙananan kunkuru, ba su fi ƙwan kaza ba, sun binne kansu ɓarawo bai gan su ba. Baba Sumar ya sa su a kwando.

Na nuna wa Sa'in Jamali ramukan tsanin. Ya ɗaga kafaɗa. "Mai makulli ma yana iya kafa tsani don rufe ido."

Takalmin kuwa, ana ɗaga shi kasuwa ta gane shi. "Na Tejo Jogi ne! Ashe da mai maciji ta haɗa baki!"

*

Jogi, masu wasa da maciji, suna zaune a bukkoki bayan layin dogo. Duk abin da ya ɓata a gari, ƙofarsu ake fara ƙwanƙwasawa. Na tarar da Tejo yana ɗinkin kwandon maciji, ƙafarsa babu takalmi.

"Naka ne wannan?"

Ya juya shi a hannu. "Nawa ne, 'yata. Ina ɗan'uwansa? Ko gwamnati rabi-rabi take mayar da kaya?"

"Ina ka bar su?"

"Jiya da azahar, a ƙofar mai shayi na Layin Tsuntsaye. Na cire na zauna a tabarma, na ɗan rufe ido. Ina buɗewa babu su. Na ce to, wanda ya saci takalmin Jogi ya fi Jogi talauci, Allah ya ba shi lafiyar sawa."

"An ce kai ka kwashe kunkuru."

"In yi me da su? In busa musu sarewa su tashi su yi rawa? Kafin ɗaya ya ɗaga kai 'yan kallo sun tsufa."

Na ce ya ɗan taka in gani. Ya miƙe ya tafi bakin rijiya ya dawo, dim, dim, dim, yana buga ƙasa da tafin ƙafa gaba ɗaya.

"Kullum haka kake tafiya?"

"Haka ubana ya koya mini. Ka buga ƙasa, maciji ya ji, ya ba ka hanya. Jogi mai sanɗa ba ya ganin jikokinsa."

Sawun da ke bayan katanga na mai tafiya a kan gaban ƙafa ne. Ba Tejo ba ne. Na ci gurasar gero da matarsa ta miƙo mini, ita ce abu na farko da wani ya ba ni kyauta a garin nan. Na tafi da abu ɗaya a hannu: a Layin Tsuntsaye aka ɗauki takalmin.

*

Ranar Asabar na je wajen Parwez. Shi ya fi kowa dalilin kwashe kunkurun, tunda su ne shaidar da za ta ɗaure shi. Sai dai ya kwana a ɗakin 'yan sanda daren da aka yi satar, ba a ba da belinsa ba sai bayan sallar Juma'a. Na tarar da shi zaune a shagonsa da babu komai ciki sai kejuna wofi, mutum mai ƙiba, idanunsa sun yi ja.

"Adi, kin gama da ni. Me kuma ya rage?"

"Wa ke da kunkurun? Kai ko wani?"

"Ni mai shago ne."

"Ba abin da na tambaya ke nan ba."

"Ina da 'ya'ya mata huɗu, Adi. Ke kina da kaki, in an kore ki nan kya tafi wani gari. Ni a layin nan za a binne ni. Ki sha ruwa ki tafi."

Ya tashi zai ɗebo mini ruwa a randar da ke ƙuryar shago. Na ji wani sauti, shuu, shuu. Na dubi ƙasa. Parwez ba ya ɗaga ƙafa. Jan su yake yi a kan siminti, ɗaya bayan ɗaya, idonsa kuma yana kan randa.

"Ƙafarka ciwo take yi?"

Ya dubi ƙafafunsa kamar na wani ne, ya yi 'yar dariya mai ɗaci. "Sabo ne. Kunkuru in ka tara su a keji suna hawan juna su mutu, dole ka sake su a ƙasa. To in ka ɗaga ƙafa, a kan wani za ka sauke ta, ka ji ƙwas. Sai ka koyi ja, kana ture su da gefen ƙafa. Dubi, babu ko ɗaya a shagon, amma ƙafata ba ta sani ba."

Na shanye ruwan tas. Ban taɓa shan ruwa mai daɗinsa ba.

Ɓarawon bai share sawu ba. Ya sauka cikin kunkuru ne a duhu, ƙafarsa ta yi abin da ta saba yi. Mutum ne da ya daɗe yana zama da kunkuru a ƙarƙashin ƙafarsa. A Layin Tsuntsaye kuwa, ban da Parwez, kowa ya rantse mini lokacin neman lasisi cewa ba ya ajiye su.

*

Na tsaya a ƙofar shagon Set Karim Dino na ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji.

"Set, sawun ɓarawo ya shigo layinku. Ka san al'ada. Ko ku nuna mini inda ya fita, ko mazan layin su taka mini rairayi."

"Al'adar ƙauye a cikin gari?" Ya shafa gemu. "Kuma mace ce za ta karanta? To, mu ba ma ƙin wasa. Gobe Lahadi a otak. Amma in kin duba ba ki ga komai ba, ki roƙi gafarar kasuwa kafin 'yan sanda su tafi da ke."

"Na yarda."

Otak wurin zaman maza ne, mace ba ta shiga. Na shiga da kakina da mayafin ajrak a kafaɗa, Baba Sumar yana biye da kwando a rufe. Kafin mu taho na tilasta wa Sa'in Jamali ya ɗaga kaskon da hannunsa ya dubi abin da ke ƙarƙashi. Ya duba yana tsaki, amma ya duba.

An zuba rairayi a tsakar otak an baje shi da katako. Mazan layin suka cire takalma. Tejo ma an kawo shi, an tsayar da shi can gefe. Suka riƙa ratsa rairayin ɗaya bayan ɗaya, wani yana rangwaɗa kamar amarya, wani yana ɗingishin ƙarya, 'yan kallo a kan gadajen igiya suna tafi. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san yadda ake sauya tafiya in mai bin sawu na kallo. Set Karim Dino ya ratsa a hankali, yana dasa dunduniya kamar soja.

Na durƙusa na duba, na daɗe ina dubawa. Na miƙe na girgiza kai.

Otak ya ɗauki sowa. "Idon mace!" "A kawo mata tabarau!" Sa'in Jamali ya rufe fuska da hannu.

"A sake baje shi," na ce. "Ku tsaya duka a tsakiya. A nan zan faɗi abin da na yi alkawari."

Da gudu suka baje shi. Suka cunkushe a tsakiyar rairayin, kowa yana son ya ji da kunnensa yadda Madam Kunkuru za ta roƙi gafara. Set yana gaba, ya harɗe hannu a baya.

Na karɓi kwandon, na zagaya su ina ajiye 'yan kunkurun a kan rairayi, nan ɗaya, can ɗaya, har suka kewaye su. Na san ƙafa ɗaya ta isa ta murƙushe kowannensu. Suka fito da kai suka fara rarrafe zuwa inuwar ƙafafun mutane.

"Kayan gwamnati ne waɗannan," na ce. "Wanda ya taka ɗaya, shi da kotu. Ku fito mu yi magana a waje."

Ka ga manyan mutane sun koma shamuwa. Kowa ya tattare wandonsa, ya sunkuyar da kai, yana ɗaga ƙafa har gwiwa yana neman inda zai sauke ta. Mai kanari ya rungume mai kifi don kada ya faɗi. Wani ya ƙame da ƙafa ɗaya a sama yana kiran sunan waliyyi.

Set Karim Dino bai ko kalli ƙasa ba. Ni yake kallo, yana magana.

"Wannan wane irin iskanci ne? Jamali, ka ga abin da ka ɗauka aiki? Mun bar shagunanmu don yarinyar nan ta mayar da mu 'yan wasa?"

Yana faɗa yana tahowa, shuu, shuu. Wani ɗan kunkuru ya tare masa hanya, ya ture shi gefe da cikin ƙafarsa ta hagu, a hankali, kamar uwa tana gyara wa jariri kwanciya. Ya iso gabana bai rasa kalma ɗaya ba.

"Kowa ya tsaya inda yake," na ce. "Sa'in Jamali, zo ka duba."

A cikin ramukan ƙafafun da suka yi tsalle-tsalle akwai layuka iri biyu. Masu faɗi, na Parwez ne, wanda ya kwana a hannun 'yan sanda. Sirara kuma sun taso daga tsakiya har zuwa dunduniyar Set. Na hagu ya karkace waje, gefensa na ciki ya nutse.

Sa'in Jamali ya durƙusa. Ya bi layin hagu da yatsa.

"Wannan ne na ƙarƙashin kasko," ya ce a hankali.

"Set," na ce, "kai da ba ka taɓa riƙe kunkuru ba tunda aka haife ka, wa ya koya wa ƙafarka?"

Sai yanzu ya dubi ƙasa. Ya ɗaga ƙafa ɗaya da sauri, kamar rairayin ya yi zafi.

"Tsufa ne! Gwiwa ce ke damuna!"

"Ɗazu da ka yi mana tafiyar soja ba ta dame ka ba," in ji Tejo daga gefe. "Set, in ka gama da ɗaya warin, ina so."

Dariyar da ta tashi wannan karon ba a kaina ta sauka ba.

Parwez ya zauna daɓas a ƙasa. "Ku hau soronsa," ya ce. "Ƙarƙashin ɗakin tantabaru. Nasa ne duka, ni suna kawai na ba da."

*

Ni aka dakatar, don haka Sa'in Jamali ne ya hau tsani, ni ina biye, kasuwa tana biye da ni. A ƙarƙashin ɗakin tantabarun akwai wani dogon ɗaki mara taga. Da aka buɗe ƙofa wari ya buge mu. Ƙasan ɗakin gaba ɗaya motsi yake yi, taurari a kan taurari, waɗanda na ƙwato da wasu da yawa da ban taɓa gani ba. Buhunan suna jingine a bango. Na cire takalmi na shiga ina jan ƙafa, na fara juya waɗanda suka kife.

Da muka sauko 'yan sanda sun iso, sun sa Set a bayan mota. Layin ya cika maƙil, har mata suna leƙowa ta tagogi. Sa'in Jamali ya jawo ni gefe ya rage murya.

"Sabagi, 'yata, abin da ya wuce ya wuce. Gobe ki dawo aiki. Zan rubuta cewa ofis ya gano kayan, magana ta mutu."

"Rubuta abin da ka ga dama, Sa'in. Amma ba a takarda ka kira ni ɓarauniya ba. A gaban mutanen nan ka kira ni."

"Haba, ai kowa ya gani da idonsa."

"Ranar Juma'a ma da kunnensu suka ji."

Ya dubi taron, ya dube ni. Na tsaya ban ƙifta ba. Ya gyara murya.

"Jama'a, Sabagi Rahimun ba ta da laifi."

"Na baya ba su ji ba, Sa'in."

Baba Sumar ya jawo wani akwakun katako daga ƙofar shago ya ajiye a gabansa, ya kakkaɓe shi da hularsa. Sa'in Jamali ya hau.

"Sabagi Rahimun ba ta saci komai ba! Na yi mata ƙazafi! Ita ta kama ɓarawon!"

Layin ya yi tsit, har ana jin kukan tantabarun Set a saman soro. Na bar shirun ya daɗe yadda nake so. Sannan na gyara mayafina na juya ga shagon da ke kusa, na mai kifi, wanda na san yana ɓoye damo a bayan tankunansa.

"Ranar Alhamis a ƙofarka na tsaya," na ce. "Ka fito da shi da kanka, ko in shigo?"

Ya shige ciki da sauri har yana tuntuɓe.